Tukwane Talatin da Ɗaya a Bayan Mota

Tun jiya da safe da Gunnel ta bar garin Sunne take tafiya a kan tsari guda. Ta yi tuƙin awa biyu, ta nemi gefen hanya ta tsaya, ta zagaya ta buɗe tukunyar gas, ta shiga ƙaramar tirelar kwanan da motarta ke ja ta kunna hita. Sai ta zauna a bakin gado da fulas ɗin kofinta har ma'aunin sanyi na jikin bango ya nuna digiri goma sha biyar, sannan ta kashe, ta rufe gas, ta koma kan sitiyari. Ba a tafiya da gas a buɗe. Haka ta tashi ta ga babanta yana yi.

Ba don kanta take wannan tsaye-tsayen ba. A cikin tirelar akwai tukwanen furen felargon guda talatin da ɗaya, ta jera su a ƙasa da kan gado da cikin wurin wanka, ta cusa tsofaffin jaridu a tsakaninsu don kar su yi karo. Shi felargon yana jure ƙishirwa, yana jure duhu, amma in sanyi ya sauka ƙasa da sifiri ya daɗe a kansa, to sai dai wani ba shi ba.

Shekara ashirin da shida Gunnel ta yi tana bin tsofaffi gida-gida, aikin ƙaramar hukuma: ta yi musu wanka, ta ba su magani, ta yayyanka musu burodi ƙanana-ƙanana. Tsohuwa in ta saba da ke ba za ta faɗa da baki ba. Wata rana dai kina sa takalmi za ki fita, sai ta karyo reshe daga furen tagarta, ta naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda, ta miƙo miki tana kallon wani wajen. Gunnel takan kai gida ta dasa, ta rubuta sunan mai shi a jikin ɗan tsinken katako ta soke a ƙasar. Akwai Tekla, akwai Konrad, akwai Alfhild, ga Edit ta kusa da coci, ga ɗaya Edit ɗin. Cikin su talatin da ɗayan, mutum biyu ne kawai suka rage a duniya, su ma ba sa gane ta. Da mai gidan da take haya ya sayar da gidan, sai ta karɓi aiki a wani gidan tsofaffi can arewa a Sorsele, inda ba ta san kowa ba, don sun haɗa mata da ɗaki. Ran Litinin za ta fara. Yau Juma'a, tsakiyar Nuwamba.

Hitar gas take ci, amma fankar da ke hura ɗumin da abin da ke ƙyasta wutar, batiri suke so. Batirin kuwa sabo ne, na litiyom, yayanta Rune ne ya saka mata shi a watan Yuni a cikin akwatin da ke ƙarƙashin benci, kusa da ƙofa. Ya haɗa shi da wata 'yar ƙaramar caja, ya ce muddin injin mota na aiki, altaneta zai riƙa turo wuta ta wayar da ta haɗa mota da tirela, batirin ya cika kafin ta gama jin labaran rediyo. Har sau uku ya faɗa, yana dukan murfin akwatin da tafin hannu.

To amma lambar da ke jikin ɗan allon batirin ba ta hawa. Da saba'in cikin ɗari ta bar gida. Jiya ta lura ba ta ƙaru ba, ta ce ƙila sai an yi nisa. Sansanin masu tirela da ta yi niyyar kwana kusa da Östersund ta tarar an rufe shi sai bazara, sai ta kwana a filin ajiye motoci, babu soket, hita na aiki har gari ya waye. Da safe ta ga ashirin da biyu. Ta yi tuƙin awa biyu cur, ta leƙa, ashirin da biyun dai. Ta kunna hita, lambar ta koma goma sha shida.

A Strömsund ta ga gareji a buɗe, fitilu a kunne, wani mutum cikin kayan aiki yana mirgina taya. Ta rage gudu, har ta sa sigina. Sai ta tuna ba ta kira ta kama lokaci ba, ga shi Juma'a ce, mutane na son tashi da wuri. Ta yaya za ta faɗo musu haka kawai da tirela a baya? Ta kashe siginar ta wuce.

Sai ta kira Rune. Ana jin hayaniya a bayansa, yana filin wasan ƙanƙara inda jikansa ke buga wasa. Ya tambaye ta ko ta duba filogi, ta ce ta cire ta goge ta mayar. Fis fa? Ta ce lafiyarsa lau, ta ɗaga shi a haske ta gani.

"To ai aikina ba ya ƙarya, ƙanwata," in ji shi. "Ke ma dai da neman wahala. Mutane na ƙaura da talabijin, ke kin ɗauko maƙabarta."

"Maƙabartar ce ke jin sanyi, Rune."

Ya yi dariya, ya ce ta ƙara wa injin wuta, ta kashe duk fitilar da ba ta buƙata, zai kira ta in an tashi daga wasa. Aka yi ihu a bayansa, wayar ta katse.

Ƙarfe biyu saura ta wuce Dorotea, rana ta riga ta yi ja tana shirin faɗawa bayan itatuwa. Ma'aunin mota ya ce sha huɗu ƙasa da sifiri. Ta shiga wani wurin hutawa da aka share wa dusar ƙanƙara, babu kowa sai wata doguwar motar gungumen itace can a ɗaya ƙarshen. Ta ajiye tata a nan ƙarshen, nesa da shi yadda ya kamata.

Cikin tirelar digiri uku, lambar batiri tara. Ta kunna hita, fankar ta tashi, ɗumi ya fara fitowa yana kaɗa ganyen Konrad, wanda ya fi kowa tsawo. Ta zuba kofi. Ba ta kai rabin kofin ba fankar ta yi wani ɗan kuka ta tsaya, allon batirin ya mutu. Ta danna, ta sake dannawa, shiru. Ma'aunin sanyi ya tsaya a shida. Saura tafiyar awa uku da rabi, in hanya ta yi kyau.

Ta fito ta rufe ƙofar da sauri. Can a cikin babbar motar tana hango direban, fitilar ciki a kunne, yana cin abinci daga roba da cokali. Mutum na cin abinci ba a ƙwanƙwasa masa. Sai ta je ta buɗe bonet ɗin motarta, ko da yake ta san babu abin da ya sami injin, ta tsaya tana kallon ciki, hannuwa a aljihu. Ta ce a ranta ai zai gani. Ya gama cin abincin, ya rufe robar, ya zuba kofi. Ya dubo wajenta sau ɗaya ya kau da kai. Gashin hancinta ya daskare. Ta koma ta leƙa ma'aunin ta taga, ya sauko biyar.

Sai da aka yi minti ashirin ya sauko da tsintsiyar hannu yana kakkaɓe ƙanƙara daga fitilun motarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo na ƙarshe, wanda ya fi kusa da ita. Dattijo ne gajere mai kauri, da hular ulu har kan gira. Gunnel ta taka zuwa tsakiyar fili ta tsaya.

"Ana sanyi," ta ce.

Ya ja iska ta tsakanin leɓɓansa, fuut, irin "e" ɗin mutanen arewa. Ya kalli bonet ɗin.

"Ta ƙi tashi ne?"

Ta ce a'a, motar lafiya, batirin tirela ne ba ya cin caji, kuma ya yi haƙuri ta katse masa hutu. Ya ce tun ɗazu ya ga ta buɗe bonet, amma ya ga kamar ta san abin da take yi, bai so ya shiga abin da ba a sa shi ba. Sunansa Assar. Ya duba agogo ya ce saura masa minti goma sha huɗu a hutun da doka ta ɗora masa, daga nan dole ya kama hanyar bakin teku, ana jiran itacen a masana'anta.

Da suka shiga tirelar, a bakin ƙofa ya tsaya, don babu wurin sa ƙafa. Ya bi tukwanen da kallo, ya sunkuya ya karanta tsinke biyu ko uku. Ya ɗaga murfin bencin, ya cire safar hannu ya dafa batirin.

"Litiyom ne?" Ta ce e. "Wa ya saka miki?"

"Yayana."

"Ɗan kudu ne?"

"Daga Karlstad."

Ya sake jan iskar nan. Ya ce irin waɗannan batiran in jikinsu ya yi sanyi ƙasa da sifiri, bayarwa suke yi amma ba sa karɓa. Akwai wani abu a cikinsu da ke rufe ƙofa da kansa don kar caji ya lalata su. Ko daga nan za ta tuƙa har Norway, altaneta na turowa, shi yana ƙi. Ya ce shi ya sa ake bi da bututun ɗumin hita ta cikin akwatin. Ya laluba da hannu, sai ya sami rami zagayayye a jikin katakon, babu komai a ciki.

"Ya huda rami ya manta bututu. 'Yan kudu kenan."

Gunnel ta waiwaya. Bututun na nan, ga shi can a tsakiyar ɗaki ɗaure da igiyar takalmi a ƙafar tebur, bakinsa na kallon tukwane. Ita ta zare shi ranar Laraba da take loda kaya. Gani ta yi ɗumi mai kyau yana tafiya a banza cikin akwati, ga masu buƙata a waje.

"Ni ce," ta ce, ta nuna masa.

Assar ya jima yana kallon igiyar takalmin. "To," ya ce. "Kin ciyar da baƙi, kin bar mai girki da yunwa."

Ya ce abin yi ɗaya ne: a ciro shi a kai gaban mota, a ajiye a ƙasa wurin ƙafafu, a ƙure hitar mota a kansa. Awa ɗaya, ƙila da rabi, don nauyi gare shi, ɗumi ba ya ratsa shi da wuri. Ya tambaya ko ba za a kwashe furannin a mayar cikin motar ba. Ta nuna masa ta gilashi: bayan motar cike yake har rufi, ga durowar da sai da maza biyu suka shigar, ga keken ɗinki, ga kwalaye. Kujerar gaba ce kawai, ita ma ba za ta ɗauki fiye da ƙananan tukwane huɗu ba.

Ya ɗauko sifana daga motarsa, ya kwance wayoyin, baƙa da farko sannan ja, yana gaya mata a hankali cewa wurin mayarwa ja ce farko. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya sa ta nuna masa da yatsa. Suka kama batirin su biyu suka kai mota. Ya miƙa mata sifanar ya ce ta riƙe, yana da wata. Ta ce to ta ina za ta mayar masa? Ya ɗaga kafaɗa.

"Mutanen nan da ke jikin tsinkayen," ya ce yana mayar da safar hannu, "'yan'uwanki ne?"

"A'a. Aiki ne ya haɗa mu."

Ya ja iska, ya juya ya tafi. Motar ta yi gurnani ta hau titi, jajayen fitilunta suka ɓace a kwana, sai filin ya zama kamar ya ƙara faɗi.

Ta tada inji, ta ƙure hita, ta juya iskar ƙasa. Sannan ta koma ɗaukar huɗun. A ranta ta riga ta yanke, Tekla za ta fara ɗauka, matar da ta cika tana riƙe da hannunta. Amma tukunyar Tekla babba ce, in ta hau kujerar babu mai hawa. Ta tsaya da ƙofa a rufe a bayanta, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Daga ƙarshe girma kawai ta bi, ta ɗauki mafi ƙanƙanta huɗu, ta cusa biyu-biyu a cikin rigar sanyinta ta ruga da su. Sai da ta jera su a kujera ta lura ɗaya Alfhild ce, tsohuwar da ta taɓa kai ƙararta ofis wai ta sace mata cokalin azurfa. Daga baya aka gan shi a cikin firji, tsohuwar ba ta kuma taɓa ba da haƙuri ba, sai dai ta ba da reshe. Gunnel ta ja bel ɗin kujera ta ɗaura musu su huɗun.

Murhun girkin tirela ba ya neman batiri, ashana kawai. Ta cika buta da tukwanen miya biyu da ruwan jarka, ta tafasa, ta rarraba su a tsakanin furannin, ta lulluɓe duka da bargonta da labule. Ba ta yarda ta bar wutar tana ci da ƙofa a rufe ba, ta taɓa shiga gidan wani tsoho da ya yi haka, bai tashi ba. Ɗumin sama yake tafiya. A ƙasa kuwa, bakin ƙofa inda manyan tukwane suke, sanyi ke shigowa ta ƙarƙashi, kuma babu inda za ta matsar da su. Ta cire hularta ta toshe wurin.

Daga nan sai jira. Ƙarfe uku duhu ya rufe. Tana zaune a mota, gumi na tsattsafo mata saboda zafin hita, batirin na ƙasa a gefenta kamar baƙon da ba ya magana. Jefi-jefi ta sunkuya ta dafa shi. Sama ya yi ɗumi, gefe har yanzu kamar dutsen rafi. Motoci uku suka wuce cikin awa guda, babu wadda ta rage gudu, ita ma ba ta san me za ta ce ba in sun rage. Duk bayan minti goma sha biyar ta je ta haska ma'auni ta taga da tocila. Huɗu, sannan uku. Ta shiga ta sake tafasa ruwan, ya tsaya a uku, ya koma biyu. Wayarta na kan cinya, Rune bai kira ba, ƙila an ƙara musu lokaci a wasan. Can ta ji kanta tana gaya wa Alfhild cewa tun ranar farko ta san cokalin nan yana firji, nauyin faɗa ta ji a gaban 'yar Alfhild ɗin, kar a ce tsohuwa ta fara rikicewa.

Da ma'auni ya nuna ɗaya ba ta ƙara jira ba. Awa ɗaya da minti goma kenan. Ta rungumi batirin ita kaɗai, ta yi tafiyar agwagwa da shi a kan ƙanƙara, ta shige ta ja ƙofa da ƙafa. Ta riƙe tocila da haƙora. Ja farko. Yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, notin ya kuɓuce ya faɗa bayan akwati, ta laluba har ta same shi. Sannan baƙa, ta yi ɗan tartsatsi. Ta kwance igiyar takalmin, ta mayar da bututun raminsa.

Allon ya kawo haske, ya nuna huɗu. Injin mota na aiki a waje, tana jin rawarsa ta ƙasan tirela. Ta tsuguna tana kallon lambar, ko ƙifta ido ba ta yi. Sai ga wata 'yar kibiya ta fito a gefen lambar tana nuna sama, abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta bar gida. Ta ƙirga ɗari a ranta kafin ta danna hita. Fankar ta tashi.

Ta bar inji da hita suna aiki tare har ɗaki ya kai sha biyar, sannan ta rufe gas ta hau hanya. Ta tsaya a Vilhelmina, ta sake tsayawa bayan Storuman, kowace tsayawa ta tarar lambar ta hau. Da ta isa Sorsele ta sami makullin a inda aka ce za a bar mata, ta yi ta hawa da sauka a matakala har tirelar ta zama fanko.

Da safe ne ta gani. Ɗakin babu labule, babu komai sai katifa da tukwane jere a ƙasa. Ashirin da takwas ganyensu a miƙe. Uku na bakin ƙofa kuwa ganyensu ya yi laushi ya yi duhu kamar dafaffen alayyahu, yana reto a jikin reshe: Konrad, da Tekla, da Edit ta kusa da coci. Ta nemo almakashi a cikin kwali ta fara yankewa daga sama, tana duba cikin kowane yanka. Konrad ruwan ƙasa ne har gindi. Tekla ta bi ta a hankali, kaɗan-kaɗan, har bakin almakashin ya taɓa ƙasa, ba ta ga kore ba. A Edit, saura kamar tsawon ɗan yatsa, ta ga ɗan kore a tsakiya. Ta tsaya nan, ta ɗora ta a taga.

Sauran biyun ta sauka da su ɗakin shara na gidan, ɗaya a kowane hannu. Ga durom na kwalba, ga na takarda, na roba, na ragowar abinci, kowanne da hotonsa a jiki. Ta bi su tana karantawa, ta dawo ta sake bi. Wata mata ta shigo da jakar gwangwanaye, ta ce sannu ba tare da ta dube ta ba, ta zuba ta fita. Sai da Gunnel ta ji ƙofar ta rufu sannan ta juye ƙasar a cikin na ragowar abinci. Ta ɗauraye tukwanen biyu a famfon da ke wurin, ta haɗa ɗaya cikin ɗaya, ta hau da su sama.